Hanji Ba Ya Jin "Dakata"

Tsaya, Malam, kada ka juya shafin. Na ga ka yatsine fuska, sai ka ce kai ba ka taɓa ɗaukar buta ka zagaya ba. Yau zancen bayan gida za mu yi, kuma ba na kowa da kowa ba: na mutanen da likita ya buɗe wa ƙofa a fatar ciki, ya fito da bakin hanji waje, ya ce daga yau ta nan za a riƙa sallamar baƙi. A asibiti sitoma suke ce wa ƙofar. A unguwa kuwa cewa ake yi an fito wa wane da hanji, an sa masa leda.

Ka ce wannan ai lalurar Turawa ce, ina ruwanmu? Ruwanmu har iya wuya. Leƙa ɗakin 'yan tiyata a manyan asibitocinmu, daga Kano har Damagaram, ka ga yaran da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji. Ga jaririn da aka haifa babu dubura, ga dattijon da hanjinsa ya murɗe, ga wadda ciwon daji ya kama, ga wanda harsashi ya ratsa. Wasu na 'yan watanni ne, a mayar musu da hanjin in ciki ya warke. Wasu kuma zama ne na dindindin. Dukkansu akwai tambayar da ke cin su a rai, kunya kuma ba ta barin su yi wa likita ita a gaban ɗalibansa: in na ɓare jakar nan zan canza, ko na tuɓe zan yi wanka, gogan ya ɓalle da aiki, yaya zan yi?

Ka ce ya matse mana, ya riƙe na minti biyar, ai ba yaro ba ne? Madalla da wannan hikima. Da me zai matse? Abin da kake taƙama da shi, kai mai iya riƙewa daga Zariya har Abuja a motar haya, wata tsoka ce mai zobe a bakin dubura, ba jarumtakarka ba. Bakin hanjin da ke kan ciki ba shi da wannan tsokar. Ko jijiyar jin zafi ba shi da ita, balle ya aiko da ɗan saƙo cewa ga shi nan tafe. Hanji motsinsa yake yi shi kaɗai, kana barci ko kana farke, ba ya neman izinin kowa. In kana musu, ranar da cikinka ya fara ƙugi a sahun farko, ka ce masa ya yi shiru mu gani.

Tunda ba ya karɓar umarni, abin da ya rage shi ne a san lokutansa, a kuma shirya masa. Nan ne duk maganar take.

Sai dai ƙofofin nan iri-iri ne, kada ka yi musu kuɗin goro. Wanda aka buɗe daga ƙarshen babban hanji, galibi a hagun ciki, dattijo ne: abinsa da kauri yake fitowa, sau ɗaya ko biyu a yini, sau da yawa ma a lokacin da mai shi ya saba zagayawa tun kafin a yi masa aiki. Wanda aka buɗe daga ƙaramin hanji, a dama, shi ne marar kunya. Babban hanji ke tsotse ruwa, shi kuma an tsallake shi, don haka abin da ke fitowa ruwa-ruwa ne ko mai ɗan kauri, mililita 500 zuwa 800 a rana in komai ya daidaita. Ga shi ɗauke da sinadaran narka abinci, waɗanda ba su san bambancin tsiren da aka ci da fatar mai cin ba. Dalilin ke nan da a 1952 wani likita a Birmingham ta Ingila, Bryan Brooke, ya ɓullo da dabarar naɗe bakin hanjin ya ɗan turo waje, abin ya riƙa zuba cikin jaka kai tsaye maimakon ya kwanta a fata. Na ukun ma ba na bayan gida ba ne, na fitsari ne: a cire mafitsara, a yanko guntun hanji a jona masa bututan ƙoda, salon da Eugene Bricker ya yaɗa daga Amurka tun 1950. Wannan ko hutun Sallah ba ya yi. Ƙoda ɗiga take yi dare da rana.

Ka ce to ka gani, babu wani lokaci ke nan? Akwai, garajenka ne ya hana ka ji. Da zarar abinci ya sauka a tumbi, jiki ke aika wa hanji cewa a ba da wuri, wasu na tafe. Shi ya sa yaro kan nemi fo yana gama cin abinci. Saboda haka duk wanda ya nannaga tuwo, ya kora da shayi, sannan ya shiga banɗaki ya ɓare jaka, ya tsokano tsuliyar dodo da hannunsa. Ga yawancin mutane, lokacin lumana shi ne da sassafe, kafin a sa komai a baki. In safiya ta ƙi, a bari sai awa 2 zuwa 3 bayan cin abinci. Mai na fitsari shi ma safiyar ce tasa, kafin ya sha ruwa, sa'ad da ɗigon ya fi jinkiri.

Amma fa kowane ciki da halinsa. Wani nasa da asuba yake tashi da rigima, sai hantsi ya lafa. Maganin wannan littafi ne da biro: mako guda kana rubuta lokacin da ka ci, da lokacin da gogan ya amsa. Ka ce rajistar kashi kuma za a buɗe? Ƙwarai kuwa. Kai da kake cika littafi da bashin da ka san ba za a biya ka ba, wannan ne zai gagare ka? Kuma kada ka raina wanda ya riga ka shiga lamarin. Mace ta farko da ta mayar da kula da masu wannan ƙofa sana'a, Norma Gill, da ta fara aiki tare da likita Rupert Turnbull a Cleveland a 1958, ita kanta jaka ce manne a cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan ba da karin magana kawai nake yi ba.

Na ga idonka ya yi haske. Ka ce ka gano bakin zaren: kada ya ci komai tun daren jiya, ya ƙi shan ruwa, ciki ya zama wayam, shi ke nan a yi canji cikin kwanciyar hankali? Wayyo, an gudu gara an faɗa wa zago. Miyau da ruwan tumbi da ruwan maɗaciya ba sa tafiya yajin aiki don ka ƙi cin abinci. Hanjin da babu komai a cikinsa iska yake tarawa, ya riƙa feso tsinkakken ruwa kore, wanda ya fi na mai kauri wuyar tarewa. Ka yi azumin da babu lada, ka kuma sha feshi. Mafi muni, mai ƙofar ƙaramin hanji dama asarar ruwa da gishiri yake yi kullum fiye da kai. Ka hana shi sha a zafin Afrilu, ka ga jiri, ka ga fitsari ya ƙafe, ka ga an kwashe shi an yi asibiti da ƙoda a wahale. In abin da ke fita ya haura lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ruwa zalla ma ba ya riƙe shi, yana iya ƙara wanke masa gishirin jiki. Ruwan gishiri da sukari ake ba shi. Asibitin St Mark's na Landan, wanda ya shahara a kan cututtukan hanji, har haɗi gare shi mai sunansa: gram 20 na gulukos, gram 3.5 na gishiri, gram 2.5 na bakin soda, a lita guda ta ruwa, a riƙa kurɓa a hankali. Wannan likita ke ɗora mutum a kai, ba maƙwabci ba.

Dabarar da ta fi yunwa ita ce a sa abin ya yi kauri. Turawa masu jaka suna da wani sirri da suke raɗa wa juna: wata farar alewa mai laushi da suke kira mashmalo, a ci 'yan ƙwayoyi kafin canji. Ka ce tatsuniya ce? To, a 2015 wasu likitoci a Ostireliya sun gwada ta a kan mutum 28 masu ƙofar ƙaramin hanji, ƙwaya uku sau uku a rana, suka ga abin da ke fita ya ragu da kimanin mililita 75 a yini. Ba wani abin a buga ganga ba ne, amma ragi ne. Sai dai kafin ka ruga kanti, Alhaji, juya bayan ledar ka karanta. Abin da ke ba alewar danƙo sau da yawa daga fatar alade ake tatso shi. Yawwa, na ga ka ajiye. Ba ka yi asara ba, don madafin gidanka ya wadatar: farar shinkafa ko tuwonta, ayaba, dankali da aka feraye, burodi, taliya, gyaɗar da aka markaɗa ta yi laushi luƙwi. Markaɗaɗɗiya na ce. Gyaɗar ɓarzawa, da aya, da gugguru, da gasasshiyar masara, da kwakwa, su ne masu tsayawa a bakin ƙofa su toshe ƙaramin hanji in ba a tauna su sun narke ba. Wake da kabeji da lemon kwalba kuma iska suke kawowa, a ɗaga musu ƙafa daren da za a wayi gari a yi canji. Akwai maganin tsayar da gudawa da likita kan rubuta wa wasu, a sha kamar minti 30 kafin cin abinci. Likita na ce. Ban ce yaron kemis ba.

Yanzu zo mu shiga banɗakin tare. Haba, shigo mana, ba a cizo. Ka ga tiren can a kan 'yar kujera? Kafin a taɓa tsohuwar jaka an riga an jera komai. Ga sabuwa, an yanke mata rami daidai girman bakin hanjin, ratar milimita 2 zuwa 3 kawai aka bari. A makonni 6 zuwa 8 na farko sai an riƙa sake awo, don kumburin tiyata saɓewa yake yi, ramin jiya ya yi wa yau yawa. Ga ruwan ɗumi a kwano, ga ƙyalle mai laushi an yayyanka, ga busasshen tawul, ga baƙar leda an buɗe bakinta. Ga kuma ɗan madubi saboda masu tumbi, waɗanda rabonsu da ganin ƙasan cibiyarsu tun suna samari. Kada ka kalle ni, ka san kanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ɓare jaka sannan ya fara ƙwala wa yara kira a nemo masa almakashi, ya ga abin da ya gani.

Da farko a juye abin da ke cikin tsohuwar a masai. A soke gefen baƙar ledar a ƙugun wando ko zani, bakinta a buɗe ƙarƙashin hanjin, duk abin da ya faɗo ya samu masauki. Sannan a ɓare daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya na danne fata, ɗaya na janye ɗankon a hankali. Daga sama, don jakar ta ci gaba da tare abin da ke zubowa har ƙarshe. A goge, a wanke kewayen da ruwa. A ninke ƙyalle a ɗora a kan bakin hanjin, a riƙe da yatsu biyu, ɗaya hannun na busar da fata. Mai na fitsari ya nannaɗe bandeji siriri ya ɗora a bakin yana tsotse ɗigon, in ya jiƙe ya jefar ya ɗauki wani. Fata ta bushe ƙayau, a ɗan miƙe tsaye ta warware, a cire ƙyallen, a manna sabuwa daga ƙasa zuwa sama. A dafe ta da tafin hannu minti ɗaya ko biyu, don ɗumin jiki ke sa ɗankon ya kama. Wanda hannunsa ya saba, kafin ruwan shayi ya tafasa ya fito.

Ka ce to in ana tsakiyar haka ya ɓalle fa? Zai ɓalle. Ban ce wataƙila ba. Wata rana duk lissafinka zai watse, ka zaɓi asuba, ka ci shinkafa, ka yi komai daidai, gogan ya jira sai ka ɗauko sabuwar jaka sannan ya ce salamu alaikum. Duk uwar da ta taɓa kwance wa jariri nafkin ta san wannan hali: sai ta wanke shi tas, ta ɗauko sabo, sannan zai saki fitsari yana kallonta yana ɓangala dariya. Ka taɓa jin wadda ta kai ƙara wajen mai unguwa? Gogewa take yi ta sake. Kai ma ka ɗan sunkuya kan masai ko kwano, ka bar shi ya gama jawabinsa. Yawanci zuwa yake yi kashi-kashi (ka yafe mini, ba da gangan na faɗa ba), ya yi ya tsaya. In ya tsaya, ka goge, ka sake busarwa, ka manna.

Ɓarnar ba a feshin take ba, a firgita take. Mutum ya ga abu na zuwa, ya rikice, ya maka sabuwar jaka a kan jiƙaƙƙiyar fata don a rufe maganar. Ɗanko ba ya kama danshi. Kafin azahar abin ya sulale ta ƙarƙashi, ya kwanta a fata yana cin ta. Gobe fatar ta yi ja, ta saluɓe, tana tsattsafo da ruwa, jaka ta gaba ta ƙi zama, ta bayanta ma haka. Jakar da ya kamata ta kwana 3 ko 4 sai ta koma ta yini guda. Minti biyun da aka ƙi jira sun jawo jinyar mako biyu. Akwai hoda ta musamman da ake barbaɗa wa fatar da ta saluɓe, a kaɗe ragowar. Hodar kwalliya da sifirit kuwa su tsaya a kan madubin ɗaki.

Na san abin da ke bakinka, fito da shi. Ka ce me zai hana a cusa 'yar auduga a toshe shi na ɗan lokaci? Subhanallahi! Malam, hanjin mutum ne fa. Naman nan mai taushi ne, ba ya jin zafi, saboda haka za ka iya yaga shi bai ce uffan ba, sai jini ya ba ka labari. Audugar ma tana iya shigewa ta ɓace maka a ciki. Ana ɗorawa a kai, ba a cusawa. Gaskiya ne wasu masu ƙofar ƙarshen babban hanji ana koya musu wankin hanji: su ɗura ruwan ɗumi rabin lita zuwa lita guda ta wani mazurari na musamman, hanjin ya juye gaba ɗaya, su samu kwana ɗaya ko biyu babu motsi. Su kam har wanka suke yi suna waƙa. Amma nas ce ke koyarwa bayan likita ya yarda, kuma mai ƙofar ƙaramin hanji ko ta fitsari babu shi a wannan rabo.

Mu zo kan wanka, inda gardamarka ta fi tsami. Ka ce ruwa zai shige ta ƙofar ya cika masa ciki? Ikon Allah. Hanji turowa yake yi waje, hanyarsa ɗaya ce, ruwan wanka ba ya samun wurin kutsawa. Masu jaka har ninƙaya suke yi. Hanjin da ya sha barkono da daddawa shekara da shekaru, shi ne ruwan randa zai razana? Da zarar ɗinkin tiyata ya warke, likita ya ba da izini, wanka halas ne, da jaka ko babu ita.

Ka ce sabulu fa? Sabulu ba ya yi wa bakin hanji komai. Rigimarsa da ɗanko ce. Mai maiƙo da mai turare suna barin santsi a fata, jaka ta ƙi kamawa. A nemi marar mai, a ɗauraye sosai, ko a bar wa kewayen ruwa zalla. Hajiya, ke nake wa magana yanzu. Na san in hunturu ya kama ba kya fita sai kin sha man kaɗanya daga goshi har diddige. Shafa abinki ko'ina, amma ki bar faɗin tafin hannu guda a kewayen hanjin babu mai. Ki bar wajen ya yi furu-furu, babu mai gani.

In da jaka za a yi wankan, a juye ta tukuna. Wasu jakunkunan suna da 'yar matatar gawayi a sama, inda iska ke fita babu wari. A liƙe ta da sitikar da ke zuwa cikin kwalin, don in ta jiƙe ta daina aiki. An gama, a dandanna gefunan da tawul. Wadda aka manna yanzu-yanzu kuma a ɗan ba ta lokaci ta kama kafin ta sha ruwa.

Ranar canji kuwa, wanka babu jaka wata ni'ima ce da kai mai lafiya ba za ka gane ba. Fatar da ta kwana uku a rufe ta sha ruwa, ta sha iska. Sai dai kada ruwan ya cika zafi, don bakin hanjin ba zai yi ihu ba ko yana ƙonewa. Kada a saita masa ruwan shawa mai ƙarfi, kada a kai masa soso. In an ga ɗan jini a ƙyalle bayan an goga, ba abin tashin hankali ba ne: irin naman cikin kumatu ne, jijiyoyin jininsa a sama-sama suke, yanzu zai tsaya.

To in ya yi aiki ana cikin wanka? Mai shawa da bututun da ke zuwa rami ya huta: mai ruwa-ruwa ya bi ruwa, mai kauri a ɗauke da tishu a jefa masai, a bi ƙasan da ruwan bilic. Amma mu nawa ne masu shawa? Yawancinmu bokiti ne da kofi, rariyar banɗakin kuma lungu take fita, inda yara ke wasan langa. Nan ba wasa nake yi ba. Ta irin wannan hanyar taifot ɗin da ya huda hanjin wasu yake yawo. Saboda haka mai wankan bokiti ya ajiye fo ko tsohuwar roba a gabansa, abin da ya fito ya tafi masai, ba rariya ba. Bokitin ya koma gefe inda tartsatsi ba ya kaiwa. Kuma ga wayon da ya fi duka: yi wankanka kaf da tsohuwar jaka a jiki, kai, wuya, baya, ƙafafu. Sai ruwa ya rage kofi huɗu ko biyar sannan ka ɓare ta, ka wanke wajen, ka bushe, ka manna sabuwa nan take. Gogan bai samu filin da zai yi dogon jawabi ba. Tiren kayan kuma ya shigo banɗakin tare da kai, a rataye ko a kan kujera. Ratsa tsakar gida da tawul, hanji a buɗe, ana gaisawa da matan gida, caca ce da ba a cin ta kullum.

Ka ce duk wannan zancen masu hali ne, jakar ma ina aka gan ta, nawa ne kuɗinta? A nan kam ba zan yi maka musu ba. Daga waje ake shigo da ita, farashinta dala yake bi, ba kowane gari ake samu ba. Uwaye da yawa ƙyalle suke ɗaura wa yaransu, su wanke su shanya. Ga waɗannan hukuncin mai ya juye: tunda babu abin da za a manna, basilin ko farin man nan mai zinki shi ne garkuwar fata, a shafa da kauri, a riƙa canza ƙyallen da zarar ya ɓaci. Kuma kada ka ɗauka Turawa da jaka aka haife su. Tun 1793 wani likita a Faransa, Duret, ya buɗe wa jaririn da aka haifa babu dubura irin wannan ƙofa, yaron ya rayu shekara 45. Daga nan aka shafe fiye da shekara 150 ana fama da tsumma da gwangwani da ɗamarar roba mai yoyo. Sai a 1954 wata nas a Denmark, Elise Sørensen, ta ga 'yar'uwarta Thora ta daina fita gida saboda tsoron abin kunya a gaban mutane, ta ƙirƙiro ledar da ake mannawa a jefar. A kanta aka kafa kamfanin Coloplast a 1957. Ƙaron da aka daɗe ana tare yoyo da shi a bakin jaka ma, karaya, daga bishiyoyi dangin kukkukin dajinmu ake samo shi. A'a, zauna. Ban ce ka ɗauki gatari ka nufi daji ba. Abin da nake nufi, tsadar jakar ita ce babbar hujjar duk abin da na faɗa: kowace ɗaya da aka maka a jiƙaƙƙiyar fata kuɗi ne aka jefa a masai.

Saura gardamarka ta ƙarshe, wadda ka ɓoye a aljihu tun ɗazu. Ka ce mutumin da abu ke fita daga jikinsa ba tsayawa, ina alwala, ina salla? Ka makara, Malam, an riga ka da ƙarnuka. Muhtasar na Shaihu Halil, da aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, wanda malaman zaurenmu ke karantarwa har gobe, ya kawo mas'alar kafar da ta buɗe a ƙasan tumbi a babin abubuwan da ke warware alwala. Malaman Malikiyya kuma sun daɗe da sauƙaƙa wa mai yoyon fitsari da makamancinsa, wanda abin ke lazimtarsa mafi yawan lokaci ba da ikonsa ba. Mai jaka ya je wa malaminsa da bayanin irin tasa ƙofar, zai dawo da sauƙi. Kai da babu jaka a jikinka, kada ka zama mai tsanantawa a kan abin da malamai suka sassauta.

Wasa wasa, akwai inda ba a jira. In bakin hanjin ya bar ja ya yi duhu ko baƙi-baƙi, in jini na fitowa daga cikinsa ba daga gefe ba, in na ƙaramin hanji ya yi tsit awa 4 zuwa 6 ga murɗar ciki ga kumburi ga amai, ko ya ɓalle da ruwa har baki na bushewa fitsari ya ɗauke, a nufi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Ba a jiƙa saiwa, ba a jira gari ya waye.

Kai kuma mai gardama, in akwai mai jaka a gidanku, ka bar masa banɗaki da asuba, ka ɗora masa ruwan ɗumi. In ya daɗe a ciki, kada ka ƙwanƙwasa.